Wai da gaske ƙwayoyin nano na hana shuka shan gubar ƙarfe daga ƙasa?

MaiGarka_Mirya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin noma ku taimaka mini. Ɗan yayana da ke karatu a jami'a ya zo hutu ya iske ina zuba takin bola a fangalin salati, sai ya ce Baba wannan takin da kuke ɗebowa daga juji akwai guba cikinsa, dalma da wani wai shi kadmiyom, kuma shuka na shansu ta saiwa su taru a ganye mu ci. Ya ce kuma yanzu masana sun samo wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, nano ake ce musu, in an fesa wa shuka sai ta rage shan gubar. To ni dai tun tasowata da takin bola muke noman rani, buhun angire kuwa kowa ya san kuɗinsa bana. Gubar nan gaskiya ce ko tsoratarwa ce, kuma maganin nan akwai shi kasuwa ko sai a takarda?

Dan_Birni227:
Wa alaikumus salam Baba. Ni ban yarda ba sam. Kakanninmu da shara suka yi noma kuma sun kai tamanin da ƙarfinsu. Kowace shekara sai an fito da sabon abu a sayar wa talaka.

Hajiyar_Zango:
Dan_Birni ɗana, sharar kakanninmu toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ragowar tuwo. Je ka duba bolar unguwarku yau ka gaya mini abin da ka gani, leda, mataccen batir, fasasshiyar waya, gwangwanin fenti, tsohuwar fitilar caji, kuma a banka wuta a kai duk su narke su haɗe. Ba abu ɗaya ba ne wallahi.

Dalibin_Agro:
Baba MaiGarka ɗan naka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Shi nano awo ne, in ka raba metir ɗaya gida biliyan ɗaya to kashi guda shi ne nanometir. Abin da ake kira ƙwayar nano shi ne wanda girmansa ke tsakanin 1 zuwa 100, silin gashin kai guda kuwa kaurinsa ya kai wajen 80,000. Saboda ƙanƙantarsu, cokali ɗaya na garin yana da faɗin jiki mai yawan gaske da abu zai iya mannewa a kai, kuma wasu na iya shiga ta ƙananan ramukan da ganye ke numfashi da su.

Yadda suke taimakon shuka kuwa ya danganta da irin ƙwayar. Saiwa tana da hanyoyin da take ɗaukar zinki da ƙarfe don tana bukatarsu, shi kuma kadmiyom ya yi kama da zinki ƙwarai sai ya bi ta nan ya shige, kamar dai baƙo ya bi ayari ya shiga ƙofar birni mai gadi bai tantance shi ba. In shuka ta ƙoshi da zinki sai shigar kadmiyom ta ragu, shi ya sa ake gwada nano na zinki a kan alkama da shinkafa da masara. Na silikon kuma yana ƙarfafa bangon ƙwayoyin saiwa, gubar ta maƙale nan ƙasa ba ta hau ganye da tsaba sosai ba. Na ƙarfe yana kama arsenik, wata guba ce ita ma, ya riƙe shi cikin ƙasa. Akwai na fosfat da ke haɗuwa da dalma su zama wani abu da ba ya narkewa cikin ruwa, saiwa ba ta iya sha. Sannan guba na ƙona shuka daga ciki, ganye ya yi rawaya ta tsumbure, to na seleniyom da na silikon suna taimaka mata ta jure wannan.

Dan_Birni227:
To in haka ne ai an gama, a kawo mu fesa.

Dalibin_Agro:
Yaya Dan_Birni ba a gama ba. Yawancin gwajin nan cikin tukwanen shuka aka yi shi a ɗakin gwaji, ko ma cikin ruwa ba ƙasa, a Sin da Indiya da Pakistan da Masar. Na gona kaɗan ne. Kuma ka lura, ba ya cire gubar daga ƙasa, tana nan inda take, rage hawanta kawai yake yi.

MalaminGona_Ritaya:
Madalla da wannan yaro, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da masu talla ba za su faɗa ba. Ni abin da zan ƙara, mu a nan ƙasarmu yashi ce, jigawa, ba ta da laka ba ta da ruɓaɓɓen taki da yawa, kuma wurare da dama tana da tsami. Ƙasa mai tsami ita ce ke sakin kadmiyom ya narke shuka ta sha. In ka rage tsamin da farar ƙasa ko tokar itace mai tsabta, ka zuba takin dabbobi da ya ruɓe sosai, to ka ɗaure kaso mai yawa na gubar ba tare da ka sayi komai daga waje ba. Wannan an san shi tun kafin a haifi maganar nano. Amma kafin duk wannan, MaiGarka, ka taɓa kai ƙasar garkarka an auna? Don muna ta maganar magani alhali ba a duba majinyacin ba. Mai yiwuwa ƙasarka lafiya lau take, mai yiwuwa kuma ta wuce inda feshi zai yi mata wani abu.

MaiGarka_Mirya:
Malam ban taɓa ba gaskiya. Ina ake kaiwa?

MalaminGona_Ritaya:
Ka fara da ofishin noma na wajenku su nuna maka yadda ake ɗibar ƙasar, ba a wuri ɗaya ake ɗiba ba, sai ka bi kusurwoyi da tsakiya ka haɗa ka gauraya ka shanya a inuwa. INRAN, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa, na da ɗakin awon ƙasa a Yamai, kuma ga Jami'ar André Salifou nan kusa da ku, ku je ku tambayi malamai. Sai dai ka faɗa musu tun farko dalma da kadmiyom kake so a duba, don awon da aka saba yi na tsami ne da fosfor da sauran abincin shuka, wancan na'ura daban yake bukata. In kun haɗu ku goma ko ashirin a koperatif kuɗin zai yi muku sauƙi.

Zinariya_ZR:
Ni abin da ke damuna ruwan majema ne. Na karanta yadda masana'antun fata na Challawa da Sharada da Bompai a Kano ke sakin ruwa mai kurom, wani sinadarin ƙarfe da suke jima da shi, kuma mutane na ban ruwa da ruwan Jakara suna noman ganye. Mu ma nan Damagaram garin fata ne ai, to ina namu ruwan ke zuwa?

Majemi_Gado:
Ƴar uwa a bambanta. Jimar gargajiya da muka gada da bagaruwa ake yinta, da toka da farar ƙasa da kashin tattabara, babu kurom ciki ko kaɗan. Wari akwai, wannan ba na musu, ruwan ma bai kamata ya shiga rijiyar kowa ba, amma kurom na manyan injina ne masu fitar da fatar nan mai shuɗi-shuɗi. Kada mutane su karanta su ɗauka duk mai taɓa fata guba yake zubarwa, sana'ar iyayenmu ce.

Dalibin_Agro:
Gaskiyar Baba Majemi ne. Kuma shi kurom iri biyu ne, mai lamba 3 da mai lamba 6, na 6 ɗin shi ne mugun, yana narkewa cikin ruwa yana tafiya kuma yana jawo ciwon daji. A nan ne ma nano ya fi nuna aikinsa a fili, garin ƙarfe zalla na nano yana juya mai 6 ya koma mai 3, kuma an yi amfani da shi a Amurka da Turai wajen gyara ruwan ƙarƙashin ƙasa a wuraren da masana'antu suka ɓata. Amma wannan aikin kamfanonin gyaran muhalli ne da kuɗi masu yawa, ba na mai fangali talatin ba.

Majo_SabonGari:
Ina karanta ku tun ɗazu, ni ma'aikacin lafiya ne, kuma Dan_Birni kai nake so ka ji wannan da kyau. Gubar nan ba ta kayar da mutum ranar da ya ci, shi ya sa ake raina ta. Kadmiyom in ya shiga jiki a ƙoda yake zama, shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A Japan, yankin Toyama, ruwan ma'adinai ya shiga kogin Jinzu manoma suka yi ta ban ruwan shinkafa da shi, mata tsofaffi ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, sai 1968 gwamnati ta amince kadmiyom ne. Dalma kuwa ba sai mun je nesa ba, Zamfara 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima. A Thiaroye kusa da Dakar yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batiran mota ana cire dalma. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kaɗan ma yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa riƙe karatu a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Yanzu kowane gida sola, batirin kuma shekara kaɗan ya mutu, ina suke zuwa? Na ga yara suna fasa su a bakin bola suna neman abin sayar wa masu gwangwan, ruwan batirin na zuba ƙasa, gobe mai amalanke ya zo ya kwashi ƙasar nan ya kai garka. Raina na ɓaci duk sanda na gani.

Dan_Birni227:
Majo na ji, Allah ya jiƙan yaran nan. Amma su ai ƙura suka shaƙa suka haɗiya, ba salati suka ci ba.

Majo_SabonGari:
Haka ne, kuma wannan ma yana cikin maganar. Dalma ba ta cika hawa cikin shuka ba, yawanci saiwa take tsayawa, amma ƙurar ƙasar na kwanciya kan ganye, kuma yaron mai garka na wasa cikin fangali ya sa hannu baki. Feshin nano ba zai yi wa wannan komai ba. Wanke ganye sosai da ruwa mai kyau, fere karoti, wanke hannun yara kafin cin abinci.

Inna_MaiSalati:
Ni a kasuwar Dole nake sayar da ganye, ku yi mana a hankali don Allah kada ku kore mana masu saye. Ban taɓa jin wanda ya ce salatina ya sa masa ciwo ba. Amma in akwai abin da za mu gyara a gaya mana, mu ma ƴaƴanmu shi suke ci.

MalaminGona_Ritaya:
Inna ba wanda ya ce a daina cin ganye, ganye lafiya ne kuma yaranmu ƙarancinsa ya fi yi musu illa. Maganar ita ce shuke-shuke ba ɗaya suke ba. Salati da alayyafo suna cikin masu tara kadmiyom a ganye, taba ma haka shi ya sa masu shan sigari ke da shi da yawa a jiki. Tumatir da tattasai da kuɓewa abin da ke isa ɗan kaɗan ne. To wanda ke zargin wani ɓangare na garkarsa, ya sa masu ƴaƴa a nan, ganye ya kai shi inda bai taɓa zuba bola ba.

DanJado_Dawo:
Ku ba ku ga komai ba sai kun je wajen zinariya. Tun da aka buɗe Jado a 2014 samarinmu nawa suka tafi. Zaiba da hannu ake murza ta cikin kwano, a ƙona a shaƙi hayaƙin, wasu su dawo gida da tufafin da buhunan ƙasa su ce za su sake wankewa a tsakar gida. Wannan nanon naku yana maganin zaiba?

Dalibin_Agro:
Akwai gwaje-gwaje da seleniyom don yana ɗaure zaiba, amma yaya DanJado wanda ke shaƙar hayaƙin kai tsaye ba maganar shuka ba ce kuma, asibiti ce. Kuma don Allah ƙasar ma'adinai kada ta shigo gida, ainihin abin da ya faru Zamfara ke nan.

Hajiyar_Zango:
Tunda an zo nan, Majo, kwallin da muke sa wa jarirai fa? An ce shi ma.

Majo_SabonGari:
Hajiya kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan ma'adinin dalma ne kansa. Jariri ya murza ido ya sa hannu baki. Na san al'ada ce kuma iyayenmu sun yi mana, amma ni na hana a gidana.

Admin_Zaure:
Jama'a mu dawo kan tambayar Baba MaiGarka, maganar kwalli a buɗe mata nata wuri don tana da muhimmanci.

Dillalin_Angire:
To ni a matsayina na mai shagon kayan noma, nano na rage guba ban taɓa ganinsa a kasuwa ba, nan ko Maradi ko Kano. Abin da ya fito da sunan nano shi ne yuriya ta ruwa ta kamfanin IFFCO na Indiya, 2021 suka fito da ita, kwalbar rabin litir suka ce tana daidai da buhu. Ko a can Indiya masu bincike da dama sun yi musun wannan magana. Kuma ita taki ce, ba ruwanta da guba. Tsorona shi ne gobe wani ya cika jarka da ruwan kala ya manna takarda ya rubuta nano ya shiga ƙauyuka ranar kasuwa, mun ga yadda aka yi da maganin tsutsa na jabu.

Zinariya_ZR:
Alhaji tunda kai ne mai angire, na ji an ce shi kansa takin zamani akwai kadmiyom ciki.

Dillalin_Angire:
Wannan sai masana.

MalaminGona_Ritaya:
Akwai, a cikin mai fosfat, daga dutsen da ake haƙowa yake zuwa, wani dutsen ya fi wani. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 ta sa iyaka miligram 60 a kowane kilo na fosfat. Amma kada hankalinku ya tashi, manominmu da ke sa ɗan tsunkule a gindin hatsi bai kai inda wannan zai dame shi ba, matsalarmu rashin fosfor ce ba yawansa ba. Masu zuba buhu-buhu shekara da shekaru a wuri ɗaya su ne abin ya shafa.

Injiniya_Magarya:
Ni ina ganin kuna saurin yanke ƙauna da abin nan. Sola ma da farko cewa aka yi ta Turawa ce, yau ga ta tana jan ruwa a fadamun Korama har Gidimuni. Kuma nano na silikon daga buntun shinkafa ake iya yinsa, tokarsa kusan duk silika ce. Ana kuma haɗa wasu da ruwan ganyen bedi ko zogala maimakon sinadarai masu tsada. Me zai hana ɗalibanmu su gwada a ƙasarmu da salatinmu da ruwanmu, maimakon kullum mu jira sakamakon Sin? Ƙasarsu daban, tamu yashi, abin da ya yi aiki can sai an gwada nan.

Dalibin_Agro:
Injiniya wallahi burina ke nan, in sami tukwane da ƙasar bola da ta garka in gwada salati. Amma dole in faɗi ɗaya gefen. Zinkin nan in ya yi yawa shi kansa guba ne, yana hana saiwa tsawo, kuma nano na zinki da na azurfa da na tagulla suna kashe ƙwayoyin halitta, har masu amfani da ke gindin wake da gyaɗa suna ba ƙasa ƙarfi. Tsakanin awon da ke taimako da wanda ke cutarwa ba nisa. Kuma mai feshi ba takunkumi ba safar hannu, iskar hunturu na kaɗawa, abu mai ƙanƙanta haka huhu yake wucewa. A yashi kuma ruwa na saurin sauka, rijiyar garka ga ta nan kusa, mutane na sha daga ciki.

Dan_Birni227:
Ka ji ko. Mu da ko maganin ƙwari da murfin jarka ake aunawa.

Injiniya_Magarya:
Wannan ba hujjar barin bincike ba ce Dan_Birni, hujjar koyar da mutane ce. Kuma akwai ƙasar da ta riga ta ɓaci, gefen gari inda aka shekara ana zuba shara, mai ita ba shi da wata, ba za ka ce masa ya tashi ba. Irin wannan ne nake ganin wata rana feshin zai yi wa rana.

Hajiyar_Zango:
Ni dai da za a ji tawa, mu mata mu fara daga gida. Gwangwani guda a ajiye gefe, duk mataccen batir a jefa ciki kada ya bi shara. Toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya su tafi rami daban. A ƙungiyarmu ta adashe zan kawo maganar ranar Lahadi in Allah ya kai mu.

Majo_SabonGari:
Allah ya saka Hajiya. Ƙaramin batirin rediyo yawanci zinki ne da manganis, waɗanda suka fi haɗari su ne na mota da babur da sola da na fitilar caji, da tsofaffin masu caji da aka rubuta Ni-Cd a jikinsu, alamar akwai kadmiyom ciki. Sai dai in gwangwanin ya cika ina za a kai? Nan ne ya kamata magajin gari ya shigo, a sami wuri guda da ake karɓa.

MaiGarka_Mirya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Takin da na riga na tara zan sa yara su tankaɗe, a'a ni da kaina zan yi tunda Majo ya ce a nisanta yara. Amma Malam in tambaya, in na tsince batir da ƙarafa da leda, ragowar ya zama lafiya ke nan?

MalaminGona_Ritaya:
Ya ragu amma bai zama lafiya ba, musamman in an taɓa ƙona bolar, don abin ya riga ya shiga tokar, rariya ba ta kama shi. In da hali wannan tarin ka kai shi gindin itatuwa ko shinge, salatin ka nemo masa na garke ko na turke. Kuma ka ɗebi kaɗan daga takin ka haɗa da samfurin ƙasar a auna su daban-daban, ka rubuta a jikin kowace leda.

Inna_MaiSalati:
Malam takin garke fa yanzu amalanke ɗaya nema yake ya gagari talaka, masu albasa sun saye. Shi ya sa ake komawa bola, ba don ana so ba.

Dillalin_Angire:
Gaskiyar Inna. Dalibin_Agro in ka tashi gwajin naka ka zo shago, tukwanen leda da irin salati ni zan ba ka, amma ka haɗa da gawayin kara da toka a gwajin mu ga wanne ya fi, nanon ko su.

Dalibin_Agro:
Na gode Alhaji, zan kai wa malaminmu maganar. Baba MaiGarka in ka yarda kada ka kwashe tarin duka, ka bar mini kamar buhu biyu, kuma ka gaya mini daga wace bola aka ɗebo shi da ko rijiya kake ban ruwa da ita ko tabki.